Buhun Jini Uku a Firji

Tunda yau an damƙa maka makullin ɗakin kwamfuta, zauna in ba ka wani misali kafin ka taɓa komai.

An yi wani injiniya mai kula da babbar kwamfutar wani asibiti, irin wadda ake kira saba. A cikinta ake rubuta jinin da ke ajiye a asibitocin yankin guda tara: wane iri ne, buhu nawa, a firjin wa yake. Asibitin yana can ƙetaren kogi, shi kuwa yana zaune a birni, tafiyar awa shida, yana shiga na'urar ta intanet. Wata Alhamis da hantsi ya sa mata sabuwar manhajar sadarwa. Ta zauna lafiya. Sai tsohuwar ta fara tsone masa ido, ya ga ai tarkace ce. Wanda ya riƙe aikin kafin shi ya bar rubutu a littafin aiki cewa kada a cire ta sai mutum yana tsaye gaban na'urar. Ya san da rubutun, ya ce tsoron mutanen da ne. Ya ba da umarnin cirewa. Na'urar ta jero masa wasu manhajoji goma sha ɗaya da za su tafi tare da ita, ta tambaye shi ko ya tabbata. Bai karanta ba, ya danna e. Cikin goma sha ɗayan nan har da wadda ke riƙe da hanyar da shi kansa ya shigo. Rubutu ya tsaya cak a allonsa. Ya buga, ya sake bugawa, shiru. Ɗakin na'urar ƙofar ƙarfe gare shi, makullin kuma yana aljihunsa.

Ya shiga mota. Damina ce, ruwa ya cinye gada, dole ya kwana a hanya ya zagaya, bai isa ba sai Juma'a bayan la'asar. A tsakanin nan aka kawo asibitin wani magini da katanga ta faɗo wa, jini na zuba, jininsa kuma irin mai wuyar samu ne. Ma'aikata suka duba kwamfuta, ba ta amsawa. Suka koma bugun waya asibiti bayan asibiti, wani ya ɗauka, wani layin ba ya shiga. 'Yan'uwansa huɗu suka miƙa hannu, ba wanda nasa ya dace. Kafin azahar ɗin Juma'ar, maginin ya cika.

Gyaran bai ɗauki injiniyan minti goma ba. Da na'urar ta dawo, babbar nas tana tsaye a bayansa, ta ce ya nemo mata irin jinin nan. Ya nemo. Buhu uku ne, kwance a firjin wani ƙaramin asibiti, tafiyar minti ashirin a babur.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, matar maginin tana waje. Kai za ka gaya mata ashe akwai jinin, ko ni?"

Bai iya fita ba. Ya zauna a ƙasa kusa da na'urar, tana ta hura masa iska mai ɗumi, yana jin kukan matar ta bayan bango.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.