Littafin da Ke Goge Kansa

Tun da aka miƙa ƙofofin madatsa ga na'ura, ruwa ba ya zuwa ƙauyen da ba shi da shafin intanet mai roƙonsa kowace safiya. Shafin ƙauyen su Tabawa ya mutu kwana tara da suka wuce, albasarta har ta fara kwanciya. Shi ya sa ta je birni ta samo littafin koyon haɗa manhaja, irin na yanzu, wanda duk takardar da ta ga haske rubutunta ke gogewa kafin la'asar.

Kullum takarda biyu take buɗewa, ta haddace, ta gwada a waya. Yau ta dawo daga gona ta tarar da ƙanin mijinta Ɗanjuma a kan tabarma, ya bubbuɗe littafin tun daga farko har ƙarshe.

"Matar yaya, hotuna kawai nake dubawa."

"Hotuna?" Ta fizge littafin. "Ka kashe wa gari ruwa saboda hotuna?"

Babu lokacin zagi. Ta yayyage littafin, ta leƙa katanga ta ƙwala wa matan unguwa kira. Kowacce ta karɓi rabonta, suka zauna suna rera layukan kamar waƙar daka, babu wadda ta san ma'anarsu.

Ɗanjuma ya miƙo hannu a sanyaye. "Ni ma a ba ni nawa."

Tabawa ta dubi takardar hannunta, layin farko ya riga ya yi fari. Ta wurga masa bangon littafin.

"Haddace wannan. Gobe da shi za ka yi ban ruwa."