Lalle a Ƙafar 'Yan Awaki

Magaji ya matse ɗan akuya tsakanin gwiwoyinsa yana shafa masa lalle a ƙafar gaba, matarsa Habi na riƙe da ƙoƙon. Saura shida. Kallon da take masa kuwa ya fi zagi ciwo.

Shekarar babban fari ce. Ciyawa ta ƙare a Gidan Sori, awaki suka rame, nono ya ƙafe, sai kuma zawo ya faɗa wa 'ya'yan da aka haifa. Ɗan akuya zai kwana uku yana zubar da ruwa, na huɗu a ja shi bayan gari. Gida-gida turaku suka zama wayam. A gidan Magaji ma goma sha ɗaya sun tafi, amma guda bakwai ko atishawa ba su yi ba. Labari ya kai buron dabbobi, wato ofishinsu na gwamnati, aka aiko cewa likita Iro zai zo ya ga irin, ko a samu abin da za a tayar da garken gari da shi.

Da abin alfahari ne, in ban da matsala guda. Tun zamanin kakansa aka san gidan Magaji da jar akuya zalla, wadda ko gashi ɗaya baƙo babu a jikinta. A kasuwar Tibiri shi ne mai yi wa mutane dariya in ya ga akuya dabbare-dabbare. To ga bakwai ɗin nan, kowanne da farar ƙafa kamar ya taka garin gero. Ya kuwa san inda suka samo ta. Hamma, Bafulatanin da ya yi shekaru yana sauka gonarsa, da zai yi kudu da ragowar shanunsa ya bar masa wani mummunan bunsuru mai farar ƙafa amana, ya ce, "Riƙe mini shi, in da rai zan komo." Magaji ya ɗaure shi nesa da jajayensa, amma bunsuru da igiya ba su cika shiri ba.

Don haka tun da sassafe ya kawar da bunsurun daga idon baƙo, sannan ya koma kan lalle.

Iro ya iso bayan azahar. Aka shimfiɗa masa tabarma, Habi ta kawo tuwon dawar taimako da miya har da nama. Likita ya ce rabonsa da nama tun Salla, ya ci har da tsotsar ƙashi, Magaji kuwa na ta ba shi tarihin jajayen gidansu.

Da aka kawo 'yan awakin, Iro ya duba idonsu, ya latsa cikinsu, ya ɗaga ƙafar ɗaya. Ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Maigida, amare ne waɗanga, ko suna za a kai su?"

Dattawan gari da suka zo taryar baƙo suka kwashe da dariya. Magaji ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kansa a sunkuye ya faɗi gaskiyar farar ƙafar.

Iro bai yi dariya ba. Miƙewa ma ya yi don murna. "Kai, mi ka ke ɓoyo? Ai abin da nike biɗa ke nan! Uwayensu jajaye ne, 'ya'yan jajayen bunsura kuma sun mace, sai waɗanga. Gadon uba ne, ƙwayar cutar ba ta samun wurin kamawa a hanjinsu. In ya bi awakin garin ga, baɗi kowa na da garke. Ina shike? A kawo shi yanzu."

Duk idanu suka koma kan Magaji. Ya tuna da amanar Hamma, ya kai idonsa kan kwanon miya.

Habi ce ta zo ɗaukar kwano. Ta tattara ƙasusuwan da baƙo ya tsotse, ta ajiye a gabansa, ta ce a hankali, "Ga abin da ya rage na bunsurun, likita."