Nauyin Iya Tabawa

Tun da ƙasa ta fara girgiza a Legas aka kafa doka: kowane matashi da tsohuwarsa. Idan jiniya ta yi kuka, saura minti tara teku ta iso, sai ka goyi taka ka hau hasumiyar unguwa. Ni Iya Tabawa mai ƙosai aka ba ni.

Duk Asabar muna gwaji. Ban taɓa yin ƙasa da minti sha ɗaya ba, abin ya hana ni sukuni.

Yau na durƙusa, ta hau tana yi min tsiya. "Maigidan, ragon miji, tashi mu gani!"

A sama mai riƙe agogo ya ce, "Takwas da rabi, Ɗanliti!"

Ina cikin murna na sauke ta, sai na ga munduwarta ta zame har gwiwar hannu saboda rama.

"Iya, yaushe rabonki da tuwo?"

"Azumin nafila nake, wata biyu ke nan."

"Har wata biyu?"

Ta juya tana kallon teku. "Na san halinka, ɗan nan. Ko ruwa ya kai maka wuya, ba za ka sauke ni ba."

Na sauko na sayo mata fura. Har yanzu tana hannuna, ban miƙa ba.