Igiyar da Kowa Ya Iya Ƙullawa

Ga ta nan, ga ta nanku. To, tun da ka ce ta zo ka ji ta, gyara zama, ɗan'uwa.

An yi wani dattijo makiyayi da ciwon ƙafa ya zaunar da shi gida, sai ƙanensa ke kai shanunsu kudu cin rani. Idan damina ta kawo kai, dattijon kan aika masa takarda ya faɗa masa mashigin da zai bi ya ƙetare kogi. Tare da takardar yakan haɗa igiyar rama. Kowace doguwar kalma ya yi mata babban ƙulli, gajeriya kuma ƙarami. In ruwa ya ɓata rubutu, ko mai kwafa ya tsallake kalma, ƙanen zai bi igiya da yatsa ya ga ba su dace ba. Dabarar ta yi kyau har duk ƙasar ta koya, a kasuwa ma yi ake. Maƙwabcin dattijon shi ma yana ƙulla wa ƙanensa da ke cin rani igiya, amma shi da nasa ƙanen suna bin kalmomin da wata waƙar daka da mahaifiyarsu kaɗai ke yi. Inda waƙar ta sauka a ƙulla, inda ta tsallake a bar fili. In saƙo ya sauya, ƙulli ya sauya, kuma wanda bai san waƙar ba ba zai iya yin sabo ba. Maƙwabcin ya sha ce wa dattijon, "Yaya, taka tana kama kuskure, amma ba ta kama mugu." Dattijon ya yi dariya ya ce shekara ashirin igiyarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Wata shekara ɓarayin shanu suka tare matafiyin da ke ɗauke da saƙon gidajen biyu. Ba su dake shi ba. Fura suka saya masa, suka yi ta jan sa da hira a gindin tsamiya, ɗayansu ya zare takardun ya sake rubuta su, ya sa mashigin da ke cikin kurmi. Igiyar dattijo ya kwance ta ya sake ƙullawa cikin minti kaɗan, don shi ma a kasuwa ya koya. Ta maƙwabcin kuwa ya juya, ya juya, ya ƙulla yadda ya ga dama. Ƙanen maƙwabci ya rera waƙar a zuci, ya ga ƙulli na uku ya kauce, ya tsaya inda yake. Ƙanen dattijo ya bi tasa igiya har sau uku, ya ga komai daidai, ya kora shanu saba'in cikin kurmi. Shanun da kakansu ya fara da karsana guda, ko maraƙi bai fito ba. Shi kansa ƙanen a kan kafaɗa aka kawo shi gida, da igiyar a aljihunsa. Dattijon ya karɓa ya shafa. Bai sami ƙulli ko ɗaya da zai ce ba irin nasa ba ne. Ya rayu shekara huɗu bayan nan, ba wanda ya sake jin dariyarsa.

Ƙurunƙus, ba don gizo ba da na ce ƙarya ce. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.