Fayilolin Da Suka Ƙi Buɗuwa

"Oga, fayilolinta ba sa buɗuwa a manhajata," in ji mai haɗa hotunan kamfaninmu, yana nuna ni.

Wata uku na yi ina ƙera hotunan wani talla a kwamfuta. Na sake fitar da su a tsari huɗu daban, duk ya ce sun ƙi. Oga ya sallame ni a gaban kowa.

Bayan sati biyu, sai ga tallan a talabijin. Aikina ne, ko inuwa ba a taɓa ba.

Na juya na kalli mai haɗa hotunan, yana cin abincin da na dafa masa.

"Baban yara, ashe sun buɗu?"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Tun ranar farko. Sau nawa na ce ki zauna a gida?"