Ragowar Zare da Aska Biyu

Janye hannunka daga kwamfutar nan, Tanimu, ka jawo kujera. Tun ɗazu nake jin tsakinka daga ƙuryar shago, kuma na san abin da ke cin ka. Bidiyon sunan 'yarka ne. Innarka tana ƙauye, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, sabis ɗin garinsu kuma sai an hau tudu an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ka matse bidiyon don ya yi nauyin da zai iya wucewa, sai fuskar jaririyar ta dagule ta koma kamar dambu. Tsohuwa kuwa abu ɗaya ta roƙe ka, tana so ta ga hancin wa jikarta ta ɗauko. To saurara in ba ka misali. Ni ma a Zariya na ji shi, a bakin wani tsohon maɗinki, tun kafin a haifi waɗannan injinan namu.

Wasu masu ɗinkin hannu ne su biyu, rumfarsu ɗaya. Sallah ta ƙarato, zaren alharini ya yanke a kasuwa, ragowar da ke hannun kowannensu ba ta cika tafi ba. Ga kuma babbar riga a gaban kowa, mai ita yana jira. Na farko mutum ne mai son a ce da shi. Ya ce gari ya san shi da babban ɗinkin nan na aska takwas, ba zai sauko ba don zare ya yi wuya. Ya zana ta cikakkiya tun daga wuya har gindin aljihu, ya juya baya ya zana tambari ƙato. Ya fara da ƙarfinsa, amma kafin ya kai rabi zare ya soma hararar sa. Sai ya shiga ja, yana buɗa tsakanin suka da suka, nan ya tsallake, can ya yi ha'inci, har shadda tana leƙowa ta tsakiyar ɗinki. Ya dai gama. Ko'ina akwai zare a rigar, amma babu inda ya ƙoshi.

Na biyu shimfiɗa tasa rigar ya yi a tabarma, ya warware zarensa ya auna, ya bi rigar da ido sama da ƙasa. Ranar bai soka allura ba, har abokin nasa yana masa tsiya wai ko jira yake ta ɗinke kanta. Shi kuwa abu ɗaya yake nema ya gane: in mutum ya sa riga aka zo gaisawa, ina ido yake sauka? Wuya ne da ƙirji. Sai ya haƙura da aska takwas, ya zana aska biyu 'yar madaidaiciya, ya zuba mata zaren nan duka, suka kusa da suka, har ta tashi dam a ƙarƙashin yatsa. Baya ya bar shi fili, don shadda mai kyau ba ta neman taimakon kowa.

Ranar Idi aka fito. Mai riga ta farko, bawan Allah, wuni ya yi yana jawo hannun riga daga kafaɗa yana rufe ƙirji, kai ka ce sanyi yake ji. Mai ta biyu kuwa kafin ya isa gida an tsayar da shi ya fi a ƙirga, ana shafa aljihun ana tambayar wa ya ɗinka. Ko mutum ɗaya bai zagaya ya duba bayansa ba.

Kai ma ɗan zaren da sabis ɗin su Inna zai ɗauka ba shi da yawa, amma ka nace sai aska takwas. Wannan girman kai ne irin namu na masu kyamara, kuma haushi yake ba ni, ba a so a ce an rage girman hoto. Rage shi, ɗana, wayar Inna ba majigi ba ce. Yanke wurin da ka bi mahauta kana gudu kyamara tana rawa, da wurin da mata ke juya mayafai masu walƙiya, su ne ke shanye maka zare. Ka bar inda jaririyar take kwance a cinyar gwaggonta, bango a tsaye, haske ya sauka a fuskarta. Sannan ka sa injin ya fara bin bidiyon ya auna shi kafin ya koma ya matse, ko da zai daɗe, mu sha shayi kafin nan.

In ya fito ka tura mata. Ni dai na ga hancin nan da idona, nata ne sak, kuma ina so in ji guɗar da za ta rangaɗa ta waya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, daidai ruwa daidai tsaki.