Ruwan Norway

Kwana tara ke nan Malam Sanda ba ya buɗe shagonsa na titin Gate City Boulevard sai ya duba yanayin Norway a waya. Mutumin da ko ruwan Greensboro, garin da yake zaune a Amurka, bai taɓa damunsa ba, ga shi ya haddace iskar wata ƙasa ta can ƙarshen duniya.

Kalanda ce ta jawo masa. Shekara da shekaru hoton yana rataye a bayan kanta: wani lungun teku da ya kutsa tsakanin dogayen duwatsu, hazo ya lulluɓe su. Ya taɓa cewa, cikin hira kawai, ina ma ya ga wurin nan da idonsa. Ilham, 'yarsa tilo, ta riƙe maganar. Tana samun aikin nas ta shirya musu tafiya, ita da shi.

Sai ruwa ya ɓalle a can. Ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar dutsen da ke kaiwa bakin tekun, jiragen ruwa suka daina fita. Kamfanin yawon ya rubuto cewa in hanya ba ta buɗe zuwa Alhamis ba, tafiyar bana ta rushe.

Ilham ta sayo masa rigar ruwa da takalmin roba. Sau uku tana tambayar fasfonsa, yana cewa yana nan a ajiye, a bari hanya ta buɗe tukuna. Ta yi masa tsiya, wai wanda ko gida Najeriya bai leƙa ba tun haihuwarta, ai dole jirgi ya ba shi tsoro. Ya yi dariya. Bayan kowace salla kuwa yakan daɗe da hannu a sama, har tausayinsa ya kama ta. Ba ta zaci yana son wurin har haka ba.

Ran Laraba da hantsi ta faɗo shagon da kayan aiki a jikinta.

"Baba, good news. Rana ta fito, an buɗe hanya. Yau suke son lambar fasfo."

Ya zauna a kan buhun shinkafa, kunya da tsoro suka rufe shi. Dabara ta ƙare. Duk kwanakin nan roƙon Allah yake kada ruwan ya ɗauke, domin bizar da ya shigo Amurka da ita ta mutu shekara biyu kafin a haifi Ilham, kuma ranar da ya fita, ba mai barinsa ya dawo.